Janareta, sola ko Starlink: in kuɗinka na abu ɗaya ne, wanne za ka fara saya?

Wani ƙanena yana da kemis a wata unguwa a Kano, a gefen kantin kuma yana harkar POS. Da ya ɗauki adashe sai ya kira ni, wai shawara yake nema: ya ƙaro babban janareta ne, ko ya haɗa sola, ko kuwa ya bi maganar abokinsa da ke ta zuga shi ya sayi Starlink, wato intanet ɗin nan ta tauraron ɗan adam. Kuɗin ba za su ishi abu uku ba, da ƙyar ma su ishi ɗaya da rabi. Na ce masa kafin mu shiga farashi, ya fara gaya mini lokacin da ya fi tafka asara a kantin nan. Bai yi dogon tunani ba ya ce, "Yaya, ai ƙarshen Oktoban 2024 ne."

Duk wanda yake Arewa a lokacin ya san abin da yake nufi. Babban layin wuta mai ƙarfin 330kV da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya daina aiki saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa, gyara kuma ya yi wuya don wurin dajin 'yan bindiga ne. Sai kamfanin TCN mai kula da manyan layukan wuta ya mayar da nauyin Arewa kan layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ya taso daga Enugu ya bi ta Makurɗi. Ranar 21 ga Oktoba shi ma ya faɗi. Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Bauchi da Gombe da wasu jihohin suka kwashe sama da mako guda cikin duhu. Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma wancan daban yake, domin abubuwan da muka saba jingina da su in NEPA ta ɗauke, su ma sai suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tayar da inji lokaci guda, a watan da litar fetur ta haura naira dubu a wurare da yawa. Masu rijiyar burtsatse suka rasa wutar jan ruwa, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗi, ƙanƙara ta zama kayan gabas.

Daga nan na ɗauko ma'aunin da nake auna waɗannan kayayyaki da shi. Kowane ɗaya cikinsu sai in tambaya: ranar da babbar hanyar ta katse, shi wannan da me yake rataye? In madogararka ta biyu a kan reshe ɗaya take da ta farko, to sunan dai kana da biyu.

Mu fara da janareta, tunda shi kowa ya sani. Alherinsa a fili yake. Kuɗin shigarsa ba su kai na sola ba, ka saya da safe ka kunna da yamma, kuma yana ɗaukar lodi mai nauyi wanda ƙaramar sola ba za ta ko kalla ba: injin walda, injin niƙa, famfon burtsatse, babban firjin ƙanƙara. Makanikinsa yana kowace unguwa, kayan gyaransa suna kowace kasuwa. Ba ruwansa da hadari ko hazo.

Matsalarsa ita ce cikinsa. Ƙaramin injin fetur, in ya yi ƙoƙari, yana ba da yunit biyu na wuta ko ƙasa da haka a kowace lita, musamman in lodin da ke kansa bai kai rabin ƙarfinsa ba. Babban injin dizal yakan kai wajen yunit uku. In lita tana naira dubu, yunit ɗaya ya tasar wa naira ɗari biyar ke nan, ba a sa baƙin mai da fulogi da kuɗin makaniki ba. Ka kwatanta da wutar Band A, wato ta unguwannin da aka fi ba wuta, wadda aka yi ta kuka a kanta a Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga ta daga naira 68 zuwa 225 a kowane yunit kafin a ɗan sassauta ta zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Duk tsadarta ba ta kai rabin ta inji ba. Shi ya sa ban taɓa ba wani shawarar ya yanke wayar NEPA don fushi ba. In ta zo ka sha, ka cika batir.

Amma abin da ya fi tsadar damuna shi ne doguwar igiyar da janareta ke rataye da ita. Man da ke cikinsa sai ya fito daga matata ko tashar jirgin ruwa a kudu, ya hau tanka, ya ratso hanya ta kwana da kwanaki, ya sauka a gidan man da shi ma yake buƙatar wuta don ya ba ka. Yajin aikin direbobin tanka, karyewar gada, dokar hana fita, ko jawabi ɗaya kamar na ranar 29 ga Mayun 2023 da ya cire tallafin mai, kowanne yana iya sa injinka ya zama ƙarfe a ajiye. A jihohin da aka taɓa hana sayar da mai a jarka saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara da Katsina a 2021, mai janareta ya ji a jikinsa. Za ka ce ai sai ka tara mai. To fetur ba ya son dogon ajiya, yana lalacewa cikin 'yan watanni, kuma jarkoki biyar a bayan kanti cikin zafin bazara gobara ce ke jiran ranarta. Hayaƙin janareta kuma ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya, don an shigar da shi soro ko kicin gudun ɓarawo.

Sola tana juya lissafin ne gaba ɗaya: ka biya da yawa yau, ka huta da sayen mai shekaru. Allah kuma ya hore mana rana. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, farantin sola yana samun abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a yini, wanda mutumin Legas ko Fatakwal ba ya samu. Ba ta rataye da turken Shiroro, ba ta jiran tanka. Abin da zai tsayar da ita yana kan rufinka ko cikin ɗakinka, wato abin da idonka ke gani kuma hannunka ke kaiwa.

Na zauna da ƙanen nawa muka ƙirga kayansa. Firjin magani yana cin wajen yunit ɗaya da rabi a yini. Fanka biyu, awa goma, yunit ɗaya da 'yan kai. Ƙwayayen fitila shida, kwamfuta ɗaya, cajin waya da na POS da na'urar intanet, duk a haɗe ba su wuce yunit ɗaya da kaɗan ba. Jimla wajen yunit huɗu. Faranti huɗu masu wat 400 kowanne, in an cire asarar zafi da ƙura da ta waya, za su ba shi kusan yunit shida a rana mai kyau. Batir mai ɗaukar yunit biyar zai raka shi har gari ya waye. Wannan lissafin shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da yawancin mutane ke tsallakewa. Sai a je kasuwa a ce "a haɗa mini sola ta kuɗi kaza", a dawo a jona mata dutsen guga da hita, bayan wata uku a ce sola yaudara ce.

Inda kuɗi ke nutsewa a sola shi ne batir, kuma nan ne ake cutar mutane. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai batir mai ruwa, wanda ake ƙara wa ruwa lokaci-lokaci. Yana da sauƙin kuɗi, amma rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata ka sha. In kana tatse shi har ƙasa kullum, ba zai yi shekara biyu ba. Zafi kuma maƙiyinsa ne. An ƙera shi ne don yanayi mai zafin maki 25, duk ƙarin maki goma a kan haka yana cinye kusan rabin rayuwarsa. Ka tuna yadda shagon kwano yake a watan Afrilu. Sai kuma batirin litiyam, wanda za ka iya shan kashi tamanin zuwa casa'in cikin ɗari na cajinsa, yana jure caji da sauka sau dubbai, ba ya buƙatar a ƙara masa ruwa, ba ya fitar da wari. Tsadarsa a ranar saye ce. In ka raba kuɗin a kan shekarun da zai yi, shi ne mai arahar. Sai dai ana sayar da na jabu da yawa, a rubuta babban adadi a jiki alhali cikin bai kai ba, don haka ka sayi na wanda zai ba ka takardar garanti kuma ka san shagonsa ba zai tashi gobe ba.

Akwai wani abu da zan faɗa ko da zai ɓata wa wasu. Batiran nan na hannu da ake kawowa da araha mai ban mamaki, ana cewa "na kamfani ne", da yawansu daga ƙarfen sabis aka sato su. Wanda ya saya ya taimaka wajen kashe sabis ɗin unguwarsu da hannunsa, gobe kuma shi ne zai fi kowa zagin kamfanin waya in transfa ta maƙale.

Sola ma tana da nata raunin. Ƙurar hunturu tana rufe faranti, in ba a wankewa duk mako wutar za ta ragu sosai. A watan Agusta ana iya yin kwana uku rana ba ta fito da ƙarfi ba. Tsawa ɗaya tana iya ƙona inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, in ba a binne wayar kariya a ƙasa ba, kuma masu haɗawa da yawa ba sa yi sai ka matsa. Iskar farkon damina tana ɗauke farantin da ba a ɗaure da kyau ba. Ga ɓarayi. Sannan in inbata ta mutu, komai ya mutu tare da ita, ba kamar janareta ba da makaniki zai lallaɓa ya tashi. Saboda haka wanda ya haɗa sola kada ya sayar da tsohon ƙaramin injinsa. Ya bar shi, ya riƙa tayar da shi sau ɗaya a wata don kada ya daskare. Ranar da hadari ya yi kwana uku, 'yan awanni na inji sun isa su cika batir.

Manyan garuruwa ma wannan darasin suka koya, da tsada. A Janairun 2021 aka fasa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, aka gyara a watan Maris, ba a yi mako ba aka sake fasawa. Gari guda mai miliyoyin mutane yana rataye da waya ɗaya da ta ratsa daji. Maganin da aka kawo shi ne tashar megawat 50 a cikin garin, wadda aka buɗe a Maris ɗin 2023. Ta taimaka, amma iskar gas ɗin da take sha da mota ake kai ta, wato ita ma babban janareta ce mai jiran hanya. A Nijar kuwa, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba su, alhali kusan kashi saba'in cikin ɗari na wutar ƙasar daga nan take zuwa. Babu turken da ya faɗi, siyasa ce ta kashe makunni. Cikin abubuwan da suka rage wa Yamai raɗaɗi har da tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023.

Yanzu sai batun sabis, wanda ga mai POS shi ne jari. A nan zaɓin uku ne: layukan waya biyu ko uku, fiba (intanet ta wayar da ake binnewa a ƙasa) in ta iso unguwarku, ko Starlink.

Layi biyu shi ne mafi araha, kuma kowa ya kamata ya yi. Amma ka san iyakarsa. Yawancin ƙarafan sabis ba na kamfanonin wayar ba ne yanzu, na kamfanonin haya ne irin su IHS, kuma sau da yawa kamfani biyu ko uku suna rataye a ƙarfe ɗaya, suna shan wutar inji ɗaya. In dizal ya ƙare a wurin, ko aka sace batir, layukanka biyu tare za su yi shiru. Gwajin mai sauƙi ne: ka lura, in sabis ɗin wannan ya ɗauke, na wancan yana nan? In kullum tare suke tafiya, canza ɗayan. Haka kuma can nesa suna iya haɗuwa a hanya ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Kwaddibuwa. Mutumin da ke Kantin Kwari, wanda bai taɓa ganin teku ba, ya kasa tura kuɗi, don manhajojin bankuna da dama sun tsaya. Wayar Glo-1 ba ta cikin waɗanda suka katse, kuma masu layin da ke bin ta sun ga amfanin bambancin hanya a ranar.

Fiba ta fi kowa sauri da kwanciyar hankali in tana aiki, ba ta jin ruwan sama, na'urarta kuma ba ta cin wuta, wat goma zuwa sha biyar ne. Abokin gabarta katafila ce. Duk inda ake aikin titi ko magudanar ruwa, sai an tsinke ta, kuma gyara yana iya ɗaukar yini ko kwanaki. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, amma mai tuƙa katafila bai san inda aka binne waya ba in ba a nuna masa ba. Ga mai kanti ɗaya, fiba jin daɗi ce. Ga cibiyar jarrabawar kwamfuta ko ofis mai ma'aikata da yawa, ita ce ta farko, da layin waya a bayanta.

Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, ya kuma isa Nijar a 2025. Shi kaɗai ne cikin ukun bai ratsa ta ƙarfen garinku ko ramin titinku ba, kai tsaye yake magana da tauraron ɗan adam. Wanda ya zauna a Gusau a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya har mutane suna tafiya wata jiha don su kira 'yan uwansu, ko wanda ya ga yadda aka yi ta ƙona ƙarafan sabis a Borno da Yobe a 2012, ba sai an yi masa dogon bayanin darajar wannan ba. Ga asibitin karkara, ko makaranta, ko ƙauyen da sabis sai an hau tudu, babu na biyunsa.

To amma a tsakiyar Kano fa? Na farko, yana cin wuta. Babban kwanon yana shan wat 75 zuwa 100, wato in ya kwana ya yini a kunne ya kusa yunit biyu, fiye da firjin maganin ƙanena. Ƙaramin samfurinsa ya fi sauƙi, amma duk da haka sai da wuta tsayayya. Wanda ya sayi Starlink bai gyara wutarsa ba ya sayi doki ne babu ciyawa. Na biyu, kuɗin wata a hannun kamfani ɗaya yake, wanda ke can Amurka. A Oktoban 2024 sun sanar da ɗaga shi daga naira 38,000 zuwa 75,000 a tashi ɗaya, sai da hukumar sadarwa ta NCC ta taka musu burki. Na uku, ruwan sama mai ƙarfi yana katse shi na ɗan lokaci. Na huɗu, wanda abokin ƙanena bai gaya masa ba: yawancin na'urorin POS da layin waya suke aiki, kuma ko naka intanet ɗin yana gudu kamar iska, in na'urorin bankin ne suka tsaya, ko wayar mai turo maka kuɗi ba ta da sabis, cinikin bai faɗa ba. A yankin da ake aikin soja kuma, kwano a kan rufi yana jawo ido da tambaya, gara mutum ya san matsayin hukuma kafin ya kafa.

Da muka jera su haka, amsar ƙanena ta fito da kanta. Asarar da ta fi yi masa ciwo ta firji ce, domin insulin da alluran da ke son sanyin maki 2 zuwa 8 ba sa jiran a gyara layin Apir. Na ce ya sa kuɗin a sola, da batirin litiyam ko da ƙarami ne, ya ware wa firji da fitila da caji layinsu daban wanda ba za a jona wa komai ba, ya bar tsohon injinsa a matsayin ko-ta-kwana. Canjin da ya rage ya sayi na'urar POS ta biyu ta wani kamfanin daban mai layi daban, ya haddace lambobin tura kuɗi na banki waɗanda ba sa buƙatar data, ya kuma riƙa ajiye tsabar kuɗin da za su riƙe shi yini biyu. Wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san wannan ba tsohon yayi ba ne.

Da mai walda ne ko mai injin markaɗe ya tambaye ni, da janareta zan ce, na dizal in da hali, da ƙaramar sola ta fitila da waya kawai, domin batirin da zai ɗauki irin lodinsa ya fi ƙarfin adashe. Da mai ƙanƙara ne, sai in ce ya duba sola mai yawan faranti da ƙaramin batir, ya daskarar da rana, ƙanƙarar da kanta ta riƙe sanyin dare. Irin dabarar ce ake amfani da ita a firjin rigakafi na asibitocin karkara, waɗanda ke aiki da rana kai tsaye babu batir. Da kuma shugaban wani asibiti ne a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, shi ne kaɗai zan ce wa ya haɗa sola da Starlink a rana ɗaya, ya sa kuɗin watan cikin kasafinsa tun daga farko.

Ƙanen nawa ya haɗa solar kafin azumi. Da na leƙa kantin, na tarar ya ɗora batirin a kan benci kusa da taga inda iska ke shiga, ya kuma manna takarda a jikin soket ɗin firji da rubutun hannunsa: "Don Allah kada a jona hita a nan." Abokin nasa har yanzu yana yi masa maganar Starlink, shi kuma ya ce sai adashe na gaba.